A Bincika Tabon Ganyen Alobera Kafin a Ɗauki Injin Feshi

Malamin gona, duk wanda ya yi 'yan shekaru a wannan aiki namu ya san irin tambayar da manomi kan zo da ita idan ya ga shukarsa ta canza kama. Ba kasafai yake cewa, "Malam, me ya sami shukata?" ba. Abin da yake cewa shi ne, "Malam, wane magani zan fesa?" Wato kafin ya iso wurinka ya riga ya yanke hukunci cewa cuta ce, kuma maganinta yana shagon mai sayar da magungunan gona, sunan kwalbar kawai yake nema daga bakinka. A kan wake ko tumatir wannan ɗabi'a takan jawo asarar kuɗi. A kan alobera kuwa abin ya wuce nan, domin ganyen da za a fesa wa maganin shi ne za a yanka a shafa a fuska, a zuba a sabulu da man shafawa, wasu ma su haɗa shi da abin sha. Saboda haka ra'ayina shi ne kada ka ambaci sunan kowane magani ga mai alobera sai ka ga shukar da idonka, ka taɓa ganyen, ka tona gindin. A mafi yawan wuraren da aka kira ni in duba tabo mai launin ruwan ƙasa a ganyen wannan tsiro, abin da ake buƙata fartanya ce da wuƙa mai tsabta da rage ban-ruwa.

Bari in ba ka misali. A cikin watan Agusta na wata damina da ta wuce, wata ƙungiyar mata masu yin sabulu a wani gari na jihar Neja ta aiko a kira ni. Sun tara kuɗin adashi sun sayi 'ya'yan alobera sun dasa a bayan gidan shugabarsu, don su huta da sayen ganye a kasuwa. Da na isa, shugabar ta tarbe ni da cewa, "Malama, mun fesa har sau uku, abin sai gaba yake yi." Na ce, "Hajiya, me kuka fesa?" Sai ta sa yaro ya ɗauko kwalabe biyu. Ɗaya maganin ƙwarin wake ne, ɗayar kuma fiya-fiya ce da aka ɗura a kwalbar da ba ta da ko takarda a jiki. Babu ɗaya daga cikinsu da ke kashe fumfuna, balle ma a ce fumfunar ganye ce ta kama shukar. Na kama tsiro guda na ja a hankali, sai ya biyo hannuna kamar jiya aka dasa shi. Saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi. Da na ɗaga kai sai ga indararon gidan a saitin wurin: duk ruwan rufin kwano a nan yake sauka, ƙasar kuma laka ce. Kuɗin magani ya tafi, ganyen da ya rage kuma na hana su sa shi a sabulu, domin an jiƙa shi da guba kwana huɗu kafin zuwana.

Halin tsiron

Wanda bai san halin alobera ba ba zai iya karanta tabonta ba. Wannan tsiro ne na busasshiyar ƙasa. Binciken da masana na lambun Kew da ke Ingila suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa asalinsa yankin Larabawa ne. Ganyensa randa ce: tsokar da ke ciki kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa ce, an lulluɓe ta da fata mai kauri mai kaki. Ƙofofin numfashin ganyen a rufe suke da rana, sai da dare suke buɗewa, don kada ruwan ya tsere. Saiwoyinsa ba sa nitsewa can ƙasa, yawancinsu suna cikin santimita 20 zuwa 30 na sama. Tsiron da aka halitta haka yana iya shafe makonni babu ruwa bai damu ba, amma 'yan kwanaki da ruwa a kwance a gindinsa sun isa su lalata shi.

To, ka dubi inda muke dasa shi. A Ibadan ruwan shekara yakan kai wajen milimita 1,300, a Umudike kuwa ya haura 2,000. Mun ɗauko ɗan hamada mun zaunar da shi a ƙasar ruwa, sa'an nan muna ba shi ruwa safe da yamma kamar alayyafo. Muna da 'yar uwarsa ta daji a ƙasar nan, wadda Hausawa ke kira zabuwa ko kabar giwa, masana kuma suna ce mata Aloe buettneri. Ita ta saba da yanayinmu, da rani ganyenta yakan bushe ta kwanta, da damina ta sake tofowa. Sunan zabuwa ya samo asali daga farin ɗigo-ɗigon ganyenta, kuma 'ya'yan alobera ma suna fitowa da irin wannan farin ɗigo, ya ɓace yayin da suka girma. Na faɗi haka ne domin na taɓa ganin an fesa wa lafiyayyun 'ya'ya magani saboda wannan ado nasu.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe shi ne wannan: a ƙarƙashin fatar ganyen akwai wani ruwa rawaya mai ɗaci, wanda idan iska ta taɓa shi yakan rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, har ya yi baƙi. Don haka duk abin da ya raunata ganyen alobera, ko rana ce, ko ƙanƙara, ko bakin kaza, ko ƙayar ganyen da ke kusa, ko fumfuna, tabo mai launi kusan iri ɗaya yake bari. Launin tabon shi kaɗai ba ya gaya maka kome. Abin da ke gaya maka gaskiya shi ne inda tabon yake, da yadda yake a hannu, da lokacin da ya fito, da kuma ko yana girma.

Tabon da ba na ƙwayar cuta ba

Ƙunar rana ita ce ta fi yawa daga Maris zuwa Mayu, musamman a Arewa inda zafi kan wuce digiri 40. Takan sami tsiron da aka rena a ƙarƙashin rumfa ko a zaure, aka fitar da shi fili a rana ɗaya. Ganyen yakan fara yin ja-ja gaba ɗayansa, wanda wani launi ne da tsiron ke fitarwa don kare kansa, kuma yakan koma kore idan an ba shi inuwa. Idan abin ya tsananta sai a ga faffaɗan tabo busasshe, mai haske kamar takardar siminti, a saman ganye, a ɓangaren da rana ke duka, galibi wajen yamma. Ka juya ganyen ka duba bayansa: lafiya lau. Fumfuna ba ta san gabas da yamma ba.

Na biyu shi ne wanda yawan ruwa ke kawowa, kuma iri biyu ne. Akwai lokacin da saiwa ke shan ruwa fiye da yadda ganye ke iya fitarwa, kamar a cikin marka, ana kwana da kwanaki babu rana. Sai wasu sassan cikin ganyen su kumbura su fashe, a ga ƙananan ƙuraje kamar bororo, daga baya su bushe su yi kaushi kamar ɓawon itace. Wannan tabo a tashe yake, ba a lotse ba, kuma ba ya yaɗuwa daga tsiro zuwa tsiro. Sa'an nan akwai wanda ya fi muni, irin na matan da na ba ka labari, wato ruɓewar saiwa. A nan akwai hannun ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa, irin su Pythium da Phytophthora da Fusarium, amma ruwan da ya kwanta ne ya buɗe musu ƙofa. Ganyen ƙasa sukan yi laushi, su yi ruwan ƙasa daga gindi, bakinsu ya bushe, tsiron ya yi kamar mai jin ƙishirwa. Mai shi kuwa da ya ga haka sai ya ƙara ruwa. Ko da za a wanke ganyen da maganin fumfuna kowace safiya ba zai kai ga saiwar ba.

Sauran ba su da wuyar ganewa ga mai lura. A tsaunukan Jos da Mambila ƙanƙara takan sauka, ta bar ramuka a saman ganye duk a rana ɗaya, kuma sanyin hunturu na can yakan sa ganye ya yi ja, bakinsa ya bushe. Maganin ciyawa mai ƙona ganye nan take, idan iska ta kwaso shi daga gonar maƙwabci, yakan bar ɗigo-ɗigo zagayayyu daidai inda kowane ɗigon magani ya sauka. Farakwat shi ne aka fi sani da haka, kuma hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi daga farkon 2024, amma akwai wasu masu irin aikinsa. Shaidarka a nan ciyawar da ke gefen gonar ce: idan ita ma tana da irin tabon, ka bar zancen cuta, domin babu cutar da za ta kama alobera da harkiya da ganyen masara a yini guda da tabo iri ɗaya. Takin zamani da ya faɗa tsakanin ganye ya narke a can shi ma yana ƙonawa. Akwai kuma baƙin da ke rufe ganye kamar kunkunniya. Ka goga da tsumma mai laima. Idan ya fita, ganyen kuma lafiyayye ne a ƙarƙashi, to ƙwari masu tsotso ne, ko darɓa, ko masu farin gashi kamar auduga da ke ɓuya a gindin ganye, ko masu ɓawo da ke manne kamar kaska. Zaƙin da suke fitarwa ne fumfunar ke ci a kai, kuma kusan kullum za ka ga kiyashi na hawa da sauka.

Tabon da ke na cuta

Ba ina cewa babu cuta ba. Akwai ta, kuma a wurare masu yawan ruwa takan yi ɓarna ta gaske. Wadda aka fi samun rahotonta a ƙasashen da ke noman alobera da yawa, kamar Indiya da Pakistan, ita ce ta fumfunar Alternaria alternata, 'yar uwar wadda ke ƙona ganyen tumatir da dankalin Turawa, da wadda ke sa tabo a ganyen albasa. Takan fara da ɗan ɗigo, ya faɗaɗa ya zama zagayayye ko mai siffar ƙwai, a lotse, mai duhun ruwan ƙasa, tsakiyarsa ta yi toka-toka, wani lokaci da zobe-zobe. Ana ganinsa a ciki da bayan ganye, kuma yakan fi kama tsofaffin ganye da waɗanda suka ji rauni. Iska ce ke yaɗa ƙurar irinta. Sai kuma ta Colletotrichum gloeosporioides, wadda masu lambun mangwaro suka sani, domin ita ce ke sa baƙin tabo a 'ya'yan mangwaro. A alobera takan fara da wuri kamar an ɗiga mai, ya lotsa, ya yi ja-ja zuwa ruwan ƙasa, idan kuma da laima sai a ga wani abu mai launin ruwan goro a tsakiyarsa. Ita fantsamar ruwan sama ce ke ɗaukar ta daga ganye zuwa ganye, shi ya sa take ƙaruwa inda aka cunkusa shuka. Akwai tsatsar alobera, Uromyces aloes, wadda aka fi sani a kudanci da gabashin Afirka: ɗigo rawaya da ke komawa baƙi, da gari mai launin tsatsa da ke maƙalewa a yatsa.

Ta ƙarshe ba fumfuna ba ce, bakteriya ce, dangin waɗanda ke narkar da albasa da dankali a ma'ajiya. Ba ta buƙatar gilashin ƙara girma. Ganyen yakan yi ruwa-ruwa daga gindi, ya yi duhu, ya kumbura, cikin kwana biyu ko uku tsiron ya zube, kuma hancinka zai gaya maka kafin idonka. Wannan ba ta da maganin feshi ko kaɗan. A tuge tsiron da ƙasar gindinsa a fitar da shi daga gonar.

Abin da waɗannan cututtuka suka haɗu a kai shi ne suna buƙatar ganye ya daɗe a jiƙe, awoyi da dama a jere, kuma rauni yana sauƙaƙa musu shiga. Tabonsu ba ya fitowa duka a rana ɗaya. Za ka tarar da ƙanana da matsakaita da manya a ganye guda, kuma abin yakan fara daga wani lungu na gonar ya riƙa matsawa.

Yadda za ka bincika

Ka fara da tambaya kafin ka sunkuya. Yaushe aka fara ganin tabon? An matsar da shukar daga wani wuri? Sau nawa ake ban-ruwa, da wane lokaci, kuma a gindi ake zubawa ko daga sama? An zuba taki? An yi feshin ciyawa a kusa? Rabin amsar yana cikin waɗannan tambayoyi, sai dai manomi ba zai faɗa ba idan ba a tambaye shi ba, don bai ga alaƙarsu da tabon ba. Sa'an nan ka ja da baya ka dubi gonar gaba ɗaya, ka ga ko inda abin ya fi tsanani shi ne kwari, ko ƙarƙashin bishiya, ko gefen da ke kallon gonar maƙwabci. Ka cusa yatsa a ƙasa har gaɓa biyu. Ka ja tsiro guda a hankali. Lafiyayye yakan yi gardama, saiwarsa tana da ƙarfi, launinta rawaya-rawaya.

Gwajin da na fi amincewa da shi ba ya cin ko sisi. Ka sami alƙalami mai tawadar da ba ta gogewa, ka zagaye tabo biyar ko shida a ganye daban-daban, daidai bakin tabon, ka rubuta kwanan wata a ganyen. Ka ce wa mai gonar kada ya fesa kome, ya dakatar da ban-ruwa, ka dawo bayan mako guda. Tabon da ya tsaya cikin da'irarsa mataccen rauni ne, abin da ya jawo shi ya riga ya wuce. Wanda ya ƙetare layin, ko aka sami sababbi a kusa da shi, akwai mai rai a ciki. Amfanin wannan gwaji ba a gare ka kaɗai yake ba: manomi da kansa zai gani, kuma abin da ya gani da idonsa ya fi abin da ka gaya masa zama a ransa.

Idan kana son ƙarin haske, ka yanko yankin ganye mai tabon, ka sa a farar leda tare da auduga mai laima, ka ɗaure, ka ajiye a inuwa kwana biyu zuwa uku. Idan abu mai launin ruwan goro ya fito a tsakiyar tabon, ka fi karkata ga Colletotrichum. Idan baƙin gashi ne mai laushi kamar karan-miski, ka fi karkata ga Alternaria. Amma ka yi hattara da wannan na biyun, domin Alternaria takan zauna a kan duk mataccen nama, ko da rana ce ta kashe shi. Ganinta a leda kaɗai bai isa hujja ba sai an haɗa da gwajin da'ira.

Magani

Gaskiyar da ya wajaba ka faɗa wa manomi tun farko ita ce tabo ba ya warkewa. Naman da ya mutu ya mutu, babu maganin da zai mayar da shi kore. Yawancin feshi na biyu da na uku da ake yi, ana yin su ne don mai gonar ya dawo ya tarar tabon na nan, ya zaci maganin farko bai yi ba. Ma'aunin nasara shi ne sabon ganyen da ke fitowa daga tsakiya.

Idan ƙunar rana ce, a ba da inuwa da yamma, a bar ganyen a jikin tsiron muddin yawancinsa kore ne, domin yana ci gaba da ciyar da shi. Nan gaba, wanda aka rena a inuwa a fitar da shi rana kaɗan-kaɗan cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan yawan ruwa ne, a daina ban-ruwa har ƙasa ta bushe, a haƙa magudana, a ta da kunya mai tsawon santimita 20 zuwa 30. Wanda saiwarsa ta fara ruɓewa amma gindinsa na da ƙarfi ana iya cetonsa: a tuge, a yanke duk baƙar saiwa, a bar shi a inuwa kwana biyu ko uku yankan ya bushe, a sake dasawa a ƙasa mai rairayi, kada a ba shi ruwa sai bayan mako. Haka muka yi wa na matan nan, muka matsar da su daga saitin indararo zuwa tudu, fiye da rabi suka tsira. Mai shuka a bokiti ko buhu ya tabbata akwai huda a ƙasa, kuma ya haɗa ƙasar da rairayi mai yawa. Da rani, a ƙasar jigawa, ban-ruwa sau ɗaya a mako yakan isa, a wani wurin ma sai bayan mako biyu. Da damina ba a buƙatar ƙari. A zuba a gindi da safe. Mai yayyafa ruwa daga sama da magariba ya kwantar da ganyen a jiƙe har gari ya waye, ya kuma tara ruwa a tsakiyar tsiron inda ruɓa ke farawa.

Idan fumfunar ganye ce, wuƙa ita ce magani na farko. A yanke ganyen da abin ya kama daga gindinsa, kusa da jikin tsiron, kada a yanka ta tsakiya a bar buɗaɗɗen rauni. A yi aikin da hantsi bayan raɓa ta bushe, a ranar da babu hadari. A riƙa tsoma wuƙar a ruwan bilic, kashi 1 na bilic a kashi 9 na ruwa, tsakanin tsiro da tsiro. Ganyen da aka cire a binne shi da zurfi ko a ƙona, kada a jefa shi a ramin taki ko a bar shi a kan kunya. A cire 'ya'yan da suka cunkushe gindin uwar, a nome ciyawa don iska ta ratsa. Tazarar santimita 60 tsakanin tsiro da tsiro da kuma tsakanin layi da layi, wadda ke ba da tsiro kusan 28,000 a hekta, ita ce mafi ƙanƙanta da zan yarda da ita, a Kudu kuwa gara a ƙara. A rage takin yuriya, domin yana sa ganye ya yi taushi. Ruɓaɓɓen takin gargajiya ya wadatar. Ga ƙwari masu tsotso, ruwan sabulu mara ƙarfi ko ruwan 'ya'yan darbejiya da yamma yakan yi aiki, bayan an gwada a tsiro biyu ko uku an ga bai ƙona ba.

Na san abin da za ka ce, domin abokan aiki sun sha faɗa mini. Manomi ya taso daga nesa, idan ka sallame shi da "rage ruwa, ka dawo bayan mako", zai ɗauka ba ka san aikinka ba, ya wuce shagon magani inda ba a taɓa ce wa mai kuɗi ya jira. Za ka kuma ce mai eka guda ta alobera a yanki mai ruwa, wanda ya yi alkawari da mai sarrafawa, ba zai tsaya yana zana da'ira a ganye ba alhali cuta na cin gonarsa. Na yarda da wannan na biyun zuwa wani matsayi. Inda aka tabbatar fumfuna ce, aka yanke, aka rage cunkoso, sababbin tabo kuma suka ci gaba da fitowa a tsakiyar damina, feshi yana da gurbi. Magungunan da aka saba amfani da su a kan irin waɗannan cututtuka su ne masu sinadarin tagulla, irin waɗanda manoman koko ke fesawa, da kuma mankozeb. Sai dai ka san cewa dukansu kariya suke yi ga ganyen da bai kamu ba, ba sa kashe abin da ya riga ya shiga. Fatar alobera mai kaki ce, maganin yakan gangare ya taru a tsakiyar tsiro, kuma tagulla idan ta yi yawa ita ma tana ƙona ganye ta bar irin tabon da ake gudu. Tarayyar Turai ta janye amincewarta da mankozeb a ƙarshen 2020 saboda dalilan lafiya, abin da ya kamata duk mai burin sayar wa masu fitar da kaya waje ya sani. Ba mu manta ba cewa a 2015 Tarayyar ta dakatar da shigar da busasshen wakenmu saboda ragowar sinadarin daikulobos, wato gubar da ke cikin fiya-fiya.

Ga kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba. Ka ɗauki kwalbar ko fakitin maganin ka karanta jerin amfanin gonar da aka rubuta. Da wuya ka ga alobera. Ma'anar haka ita ce adadin da aka rubuta da kwanakin jira tsakanin feshi da girbi an auna su ne a kan wasu amfanin gona, ba a kan ganye mai tara ruwa wanda ake amfani da tsokarsa ɗanya ba. Don haka ni dai shawarar da nake bayarwa ita ce a taƙaita feshi ga wurin reno da sabuwar gonar da ba za a yanki ganyenta ba sai bayan watanni. A gonar da ake girbi, a fara yanke duk ganyen da ya isa, a fesa abin da ya rage idan ya zama dole, a rubuta ranar, kuma kada a kusanci magungunan da ke ratsa jikin tsiro, domin wanki da feraye ba sa fitar da su. Maganin ya zama mai lambar rajistar NAFDAC, mai feshin ya rufe jiki da hanci. Mai tukwane goma a tsakar gida kuwa ba shi da dalilin yin feshi ko kaɗan. Cire ganye uku ya fi masa arha da aminci.

Game da batun kwarjininka a idon manomi, ba na jin malamin gona yana ƙara daraja da faɗin sunan magani daga kan babur. Idan ka faɗa aka fesa tabon bai tafi ba, kuma ba zai tafi ba, kai za a tuna. Ka ba shi aikin yi a hannu maimakon kwalba: ku zana da'irar tare, ku tona gindin tare, ka nuna masa baƙar saiwa da lafiyayya gefe da gefe.

Za a tambaye ka ko ganye mai tabo yana da amfani. Wanda rana ta ƙona ko ƙanƙara ta sara, idan tsokarsa tana da ƙarfi, garau, babu wari, kuma ba a fesa masa kome ba, a yanke wurin tabon a yi amfani da saura. Wanda ya yi laushi, ko tsokarsa ta canza launi, ko yana wari, a zubar.

Inda abin ya shige maka duhu, ko ka ga yana yaɗuwa duk da matakan nan, ka aika da samfuri ta ofishin ADP na jiharka zuwa cibiyar bincike ko sashen cututtukan tsirrai na jami'a mafi kusa. Ka zaɓi ganyen da tabonsa ke farawa, ba wanda ya gama ruɓewa ba, ka haɗa da tsiro guda cikakke da saiwarsa da ɗan ƙasar gindinsa. Ka naɗe ganyen a busasshiyar jarida, saiwar kaɗai za ka sa a leda, ya isa cikin kwana biyu. A takardar da za ka haɗa, ka rubuta garin, da ranar da aka fara ganin tabon, da irin ƙasar, da yadda ake ban-ruwa, da sunan duk abin da aka riga aka fesa da ranar da aka fesa shi.